Daga dusashewar murya zuwa bututu a wuya: yadda aka gano ciwon 'yarmu da yadda muke jinyarta

Na rubuta wannan ne saboda iyayen da ƙaramin yaronsu ya daɗe da dusasshiyar murya, numfashinsa yana ƙara, ana ta ba shi maganin asma amma ba sauƙi. Ciwon da ke damun 'yata ba kasafai ake ganinsa ba, shi ya sa muka sha yawo kafin a gano shi. Likitoci suna kiransa papiloma na hanyar numfashi, wato wasu ƙananan tsiro ne da ke fitowa a cikin maƙogwaro, daidai inda murya take fita, idan an cire su sai su sake dawowa. Yarinyar 'yar fari ce, don haka ba zan kama sunanta ba. Zan dai faɗi abin da muka tarar a kowane mataki, tun daga kemis ɗin unguwa har ɗakin tiyata, da abin da ya biyo baya a gida, wanda a ganina shi ne ya fi nauyi.

Abin ya fara ne a daminar 2022, tana da shekara biyu da 'yan watanni. Ta yi mura irin ta yara, murar ta warke amma muryar ba ta dawo ba. Idan ta kira ni sai in ji kamar wadda ta kwana tana kuka. Ba zazzaɓi, ba tari, tana cin abincinta, tana wasanta, saboda haka duk wanda na yi wa magana sai ya ce sanyi ne, a ba ta zuma da ruwan ɗumi. Mun ba ta. Mai kemis ya haɗa mana maganin tari da na ƙwayoyin cuta, muka shanye kwalba, muka sake sayen wata. Kafin damina ta ɗauke, muryar ta koma raɗa, kukanta ma ba ya fita sai dai ka ga baki a buɗe da hawaye. Daga nan sai wata ƙara ta fara fitowa idan tana jan numfashi, musamman cikin barci ko idan ta yi gudu. Ƙarar ba daga ƙirji take ba, daga wuya take, kuma lokacin da take shaƙar iska ne ake jinta, ba lokacin fitarwa ba. Wannan bambancin yana da muhimmanci ƙwarai, domin shi ne daga baya likitan maƙogwaro ya fara tambayata a kai. Ƙarar asma yawanci wajen fitar da numfashi take, kuma asma ba ta saba ɗauke muryar yaro na tsawon watanni ba.

A wani asibiti mai zaman kansa aka ce asma ce. Aka sa mata abin rufe hanci da baki mai fesa magani, aka rubuta mana inhela, aka ce mu raba ta da ƙura da sanyi. Duk lokacin da numfashin ya tsananta sai mu koma, a fesa mata, a yi allura, ta ɗan lafa, mu biya mu dawo gida. Allurar tana rage kumburi ne kawai na ɗan lokaci, tsiron kuwa yana nan yana ƙaruwa. Babu wanda ya leƙa cikin maƙogwaron, domin ba su da abin leƙawar.

A gida kuma maganar belu ta taso. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce tun yarinyar tana jaririya ya kamata a cire mata, ga shi yanzu ya sauko ya toshe mata wuya. Ba da mugun nufi ta faɗa ba, jikarta ce, kuma abin da ta taso ta gani ke nan. Har an yi magana da wanzami. Maigidana ne ya roƙe ta, ya ce, "Hajiya, ki yi mana haƙuri mu fara kai ta babban asibiti, in suka ce belu ne sai a yi yadda kika ce." Ta amince. Ina roƙon duk wanda ke karanta wannan, kada a sa wa yaron da numfashinsa ke ƙara aska a baki. Tsiron yana can ƙasa inda ido ba ya gani, cire belu ba zai taɓa shi ba, kuma jini kaɗan ko kumburi kaɗan ya isa ya ƙarasa toshe 'yar hanyar da ta rage wa yaron.

A babban asibitin gwamnati muka samu wata likitar yara da ta tsaya ta saurari numfashin sosai. Ta ɗora abin aunawa a ƙirji, ta mayar da shi wuya, sannan ta tambaye ni tun yaushe muryar ta dusashe. Da na faɗa mata sai ta ajiye biro ta ce, "Maman yarinya, wannan ba aikinmu ba ne, na likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ne, kuma kada ku bari ya kwana biyu." Ta rubuta mana takardar turawa zuwa asibitin koyarwa. Ku riƙe irin wannan takarda da kyau, ku yi mata kwafi, ku ɗauki hotonta a waya, don ita ce mabuɗin shiga. Ba kowane asibiti ne yake da sashen da ke leƙa maƙogwaron yara ba. A arewa ana samun likitocin wannan fanni a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri, sannan a Kaduna akwai cibiyar ƙasa ta kula da kunne, wadda take duba hanci da maƙogwaro su ma.

Ranar farko a asibitin koyarwa duk a layi ta ƙare. Layin biyan kuɗin kati daban, layin buɗe fayil daban, sannan aka ce mana sashen yana da ranakun ganin marasa lafiya na waje, ba kullum ba. Ba a ba likita ko nas kuɗi a hannu, komai sai an je wurin biya an karɓo rasit, kuma rasit ɗin nan shi za a nema a kowace ƙofa. Da ma'aikacin ya buɗe littafi zai ba mu rana mai nisa, sai na nuna masa takardar likitar yara, na ce ya saurari numfashin yarinyar da kansa. Ya tashi ya kira wata nas, ita ta shigar da mu. A nan na gane cewa yaron da numfashinsa ke ƙara ba ya jiran layi, amma sai ka buɗe baki ka faɗa. Kawaici ba shi da amfani a wannan wurin.

Likitan ya ce zai zura wata siririyar igiya mai kyamara ta hancinta. Na zauna na ɗora ta a cinya, na rungume hannayenta, nas ta riƙe kanta. Abin bai daɗe ba, amma ganin 'yarka tana kuka ba sauti yana da ciwo. Da ya gama sai ya juyo da allon ya nuna mana. Ga tsiron nan curi-curi, launin ruwan hoda, sun yi kama da tarin ƙwan kifi, sun rufe kusan duk ƙofar, sai wata 'yar kafa a baya da iska ke bi. Maigidana ya ce, "Ranka ya daɗe, kansa ce?" Likitan ya ce alamu ba su nuna haka ba, irin wannan tsiro a yara ba kansa ba ne, amma dole a cire a kai ɗakin gwaji a tabbatar. Ya ce aikin ta baki ake yi, ba a yanka wuya, za a sa ta barci a zura ƙarfe mai haske a cire tsiron. Sannan ya faɗi abin da ban so ji ba, cewa cirewar ba warkewa ba ce, zai iya dawowa, kuma ga yaran da ya kama tun suna ƙasa da shekara uku ya fi yawan dawowa.

Aka ba mu takardun gwaje-gwaje: yawan jini, jinsin jini saboda sikila, gishirin jiki da aikin ƙoda, hoton ƙirji da hoton wuya. Sannan sai mun ga likitan sa barci, shi zai ce ta cancanci aiki ko a'a. Kowanne da wurin biyansa da ranar karɓar sakamakonsa. Ga shi lokacin farkon 2023 ne, da aka canza takardun naira kuɗi suka ɓace a hannun mutane. Sai ka tura kuɗi ta waya su fita daga asusunka amma ba su isa ba, mai karɓar kuɗi ya ce sai ya gani a wurinsa. Maigidana ya wuni a wajen masu POS yana neman na mota da na abinci. Kuɗin aikin farko, da na gado, da na magunguna da kayan da aka rubuta mana mu sayo, sun haura albashinsa na wata biyu. Na sayar da 'yan kunnena na zinare, Yayana ya kawo nasa taimakon, muka biya, aka sa mu a jerin masu jiran tiyata.

Ba mu kai ranar ba. Hunturu ne, hazo ya sauko, ta kamu da mura. Cikin dare na ji ƙarar ta canza. Na haska fitila na ga ramin wuyanta da ƙasan haƙarƙarinta suna lotsawa duk lokacin da ta ja iska, ta jiƙe da gumi cikin wannan sanyin, ta ƙi kwanciya sai zaune, leɓenta ya fara yin duhu. Maƙwabcinmu ne ya kai mu a motarsa. A ɗakin gaggawa na yara na miƙa musu katin na ce likitocin maƙogwaro sun ga tsiro a wuyanta, wannan maganar ce ta sa ba a ɓata lokaci da maganin asma ba, aka sa mata iskar oksijin aka kira su kai tsaye. Likitan da ya zo ya ja maigidana gefe, ni ma na bi su. Ya ce hanyar ta kusa rufewa, dole a huda gaban wuya a ƙasan tsiron a sa bututu ta riƙa numfashi ta nan, aikin da suke kira tirakiyostomi. Ya ce su kansu ba sa son yin hakan ga mai wannan ciwo, domin tsiron yana iya bin hujin ya gangara ƙasa, amma yanzu rai ake nema. Maigidana ya sa hannu a takardar amincewa, hannunsa yana rawa. Na zauna a ƙofar ɗakin tiyata ba abin da ke bakina sai hasbunallahu wa ni'imal wakil.

Da aka fito da ita tana barci, karon farko cikin watanni ban ji ƙarar komai ba, ƙirjinta yana hawa da sauka a hankali. Na yi kukan farin ciki da na tsoro a haɗe. Da ta farka ta buɗe baki za ta kira ni, ko raɗar ma babu, saboda iskar tana fita ta bututu ba ta kaiwa inda murya take. Ba wanda ya shirya ni a kan wannan, shi ya sa nake faɗa muku. Ba wai ta zama bebiya ba ne, hanyar iskar ce ta canza.

Bayan ta ɗan murmure aka shiga da ita aikin cire tsiron. An hana ta abinci awa 6 kafin aikin, ruwa zalla kuma an bari har saura awa 2. Bayan aikin aka miƙo mana wata 'yar kwalba da abin da aka cire, da takarda, aka ce mu kai ɗakin gwajin tsoka mu biya. Ku tambayi ranar da sakamakon zai fito, ku je ku karɓa da kanku, ku yi kwafi kafin a sa shi cikin fayil. Likitan ya ce bai kankare komai ƙarƙaf ba, da gangan ya bar kaɗan a inda igiyoyin murya biyu suke haɗuwa ta gaba, domin idan aka ji wa ɓangarorin biyu rauni lokaci guda suna iya mannewa da juna su bar tabon da zai lalata muryar har abada. Da farko na ji haushin a ce an bar wani abu, daga baya na gane hikimar.

Ranar da sakamako ya fito ita ce ranar da ta fi yi mini nauyi a zuciya. An tabbatar ba kansa ba ce, alhamdu lillahi. Amma da na tambayi abin da ke kawo shi, likitan ya ce wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV, nau'i na 6 da na 11, kuma yawanci yaro yana samunta ne daga jikin uwa wajen haihuwa. Manya kuma ta hanyar auratayya suke ɗaukarta. Ɗakin ya yi tsit. Allah ya saka wa likitan nan da alheri, don bai bar mu da zato ba. Ya ce, "Malam, Maman yarinya, ku saurare ni da kyau. Wannan ƙwayar cuta yawancin ma'aurata suna haɗuwa da ita a rayuwarsu ba su sani ba, tana iya zama shekaru ba alama, jiki ya kore ta da kansa. Ba shaidar komai ba ce a kan kowa." Ya ƙara da cewa ko matan da ke da tsiron wannan ƙwayar a fili a al'aurarsu lokacin goyon ciki, ƙasa da ɗaya cikin ɗari ne 'ya'yansu ke samun wannan ciwo, kuma haihuwa ta tiyata ba tabbacin kariya ba ce. Yarinyar ba za ta shafa wa kowa ba ta cin abinci a kwano ɗaya ko wasa. Mun yanke shawara ni da maigidana cewa dangi za su san tsiro ne a maƙogwaro, iyakarta ke nan. Na san gidajen da magana irin wannan za ta iya raba aure, kuma zalunci ne a ɗora wa uwa laifin abin da ba ta san da shi ba.

Kafin a sallame mu, wata babbar nas ta ɗauke ni kamar ƙanwarta. Ta ce, "Ƙanwata, ba za ki fita daga ɗakin nan ba sai hannunki ya iya abin da nawa ya iya." Bututun ƙananan yara siriri ne, kuma irin nata ba shi da na ciki da za a zaro a wanke, don haka majina kaɗan ta isa ta toshe shi. Ta koya mini zuƙe majina da inji: a wanke hannu, a zura siririyar robar iya tsawon bututun kawai kada a zarce, a zuƙa ana jawowa, kada a wuce daƙiƙa 5 zuwa 10, a bar yarinya ta huta kafin a sake. Girman robar yana bin girman bututun, ana ninka lambar bututun sau biyu, idan shi 4 ne ita 8. Igiyar da ke ɗaure shi a wuya kuma yatsa ɗaya ne zai iya shiga ƙarƙashinta, kuma ba a canza ta sai mutum biyu, ɗaya ya riƙe bututun ɗaya ya ɗaura. Ta sa na canza bututun gaba ɗaya a gabanta, an naɗe tawul an sa ƙarƙashin kafaɗun yarinyar don wuyan ya miƙe. Ta sa maigidana shi ma ya yi. Ya so ya zame, ta ce, "Malam, in matarka tana banɗaki bututu ya fita, wa zai mayar?" Bai sake musu ba.

Gida shi ne ainihin jarrabawar. Injin zuƙar majina da wuta yake aiki, wutar kuma kun san halinta. Mun sayi wani na biyu da ake takawa da ƙafa, shi ne ya cece mu a darare da yawa, daga baya muka haɗa ƙaramin sola da batir. Akwai jaka guda da ba ta rabuwa da yarinyar ko maƙwabta za mu shiga: bututu sabo irin girman nata, wani mai ƙaramar lamba ɗaya idan na farkon ya ƙi shiga, robobin zuƙa, ruwan gishiri na asibiti, almakashi, igiya, da tocila. Hanci ne yake ɗumama iska ya jiƙa ta ya tace ƙura, mai bututu kuwa ya rasa duk wannan, saboda haka a lokacin hunturu majinar takan bushe ta yi tauri. Akwai ɗan murfi mai riƙe danshi da ake maƙalawa a bakin bututun, in ya samu shi ya fi, in ba ya samuwa mukan rufe da siririn kyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, muna yawan ba ta ruwa. Turaren wuta ya bar ɗakina, haka maganin sauro na hayaƙi da na fesawa, haka hoda. Girkin icce ya koma can ƙarshen tsakar gida, shara kuma sai an yayyafa ruwa. Wanka a ruwa kaɗan ne, ba a kwara mata daga ka. Wasan ƙasa na hana, wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Barci ya zama na karɓa-karɓa. Yaron da ba shi da murya ba zai yi kuka ya tashe ka ba idan bututu ya toshe. Na ɗaura mata 'yar ƙararrawa a ƙafa, na koya mata buga gefen gado idan tana so na. Ƙanwata ta dawo gidanmu da zama, ita ma ta koyi zuƙar majina. Hajiya, wadda da farko ko kallon wuyan ba ta iya yi, ita ta ɗinka wa jikarta ƙananan mayafai masu laushi na rufe wurin, kuma ita take tare bakin mutane a gidan biki idan suka fara tambayoyi. Na daina zuwa yawancin taruka. Ba na jin kunyar 'yata, amma ƙura da turare da cinkoso ba su dace da ita ba, kuma na gaji da jin "wayyo" daga bakin kowa.

Tsiron ya dawo kamar yadda aka faɗa. A shekarar farko 'yan watanni kaɗan ne tsakanin aiki da aiki. Kowane zagaye sai an sake gwajin jini, an sake ganin likitan sa barci, an sake biya. An taɓa ɗaga mana rana saboda mura, domin ba a son sa yaro barci yana da ciwon ƙirji, an kuma taɓa ɗagawa saboda yajin aiki. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kuɗin bututu da robobi ya tashi sosai tunda daga waje ake shigo da su, ga kuɗin mota ya ninka. Abin da ya taimake mu shi ne adashin da na shiga musamman don ranar aiki, da ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin. Mutane da yawa ba su san da wannan ofishi ba. Ana kai takarda daga likita, su yi maka tambayoyi a kan sana'a da iyali, wani lokaci a rage maka wani abu. Mai inshorar lafiya, ta tarayya ko ta jiha, ya fara zuwa asibitin da ya yi rajista ya karɓi takardar turawa da lambar amincewa kafin ranar aiki, in ba haka ba daga aljihunsa zai biya, kuma ya tambaya tun da wuri abin da inshorar ta ɗauka da wanda ba ta ɗauka ba.

Tun daga farko likitocin burinsu a cire bututun da zarar hanya ta samu. Bayan wani aiki da suka ga maƙogwaron ya buɗe sosai kuma tsiron bai gangara ƙasa ba, sai aka kwantar da mu. Aka sa mata ƙaramin bututu, sannan aka toshe bakinsa da rana ana kallonta, sannan aka toshe har dare. Da suka gamsu tana numfashi ta hanci ba wahala, aka zare shi aka rufe wurin da bandeji. Ba a ɗinke ba, da kansa hujin ya haɗe, ya bar ɗan tabo. Ba a yin wannan a gida, komai ƙosawar mutum. Muryarta ta dawo a dusashe, mai kauri, har yanzu ba ta yi tas ba, amma tana kirana ina ji daga tsakar gida, kuma ta shiga Islamiyya.

Ciwon bai tafi ba. Har yanzu ana yi mata aiki, sai dai tazarar ta ƙaru. An ce mana yara da dama yakan lafa musu idan suka doshi balaga, wasu kuma yakan bi su har girma. Yanzu muryarta ce ma'aunina. Ina ɗaukar maganarta a waya lokaci-lokaci, idan na ji ta fara komawa raɗa, ko minshari ya canza, ba na jiran ranar da aka rubuta a kati. Bidiyon numfashinta cikin barci ya fi duk bayanin da zan yi wa likita da baki, domin sau da yawa idan mun isa asibiti da rana ƙarar takan ragu. Ina da littafi guda da nake rubuta ranar kowane aiki da abin da likita ya ce ya gani, tare da kwafin duk sakamako, saboda likitoci suna canzawa kuma fayil yana iya ɓata. A cikin jakar makarantarta akwai takarda mai ɗauke da sunan ciwon da lambar wayarmu, malamanta kuma sun san cewa idan numfashinta ya yi ƙara ba inhela za a nema ba, asibiti za a nufa. Duk yaron da muryarsa ta dusashe ta wuce makonni ba ta dawo ba, ku nemi a leƙa maƙogwaronsa da kyamara, ku faɗi haka da bakinku ga likita. Idan kuma ramin wuya yana lotsawa, ko leɓe ya yi duhu, ko yaro ya kasa kwanciya, ko cikin dare ne a tafi.

Akwai kuma maganar rigakafi. A watan Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta. An fi tallata ta a kan kansar bakin mahaifa, amma allurar da ake yi tana kare nau'i huɗu ne, 6 da 11 da 16 da 18, wato har da biyun da suka jawo ciwon 'yata. Ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu, amfaninta shi ne yarinyar da aka yi wa yau da wuya ta ba jaririnta ƙwayar idan ta zo haihuwa. Ostareliya ta fara wannan rigakafi tun 2007, kuma a can sababbin yaran da ke kamuwa da tsiron maƙogwaro sun ragu ƙwarai. Na ji jita-jitar da aka yaɗa cewa allurar tana hana haihuwa, har a cikin danginmu akwai waɗanda suka hana 'ya'yansu. Ni da kaina na je gidan Yayana na zauna da matarsa, na ce, "Anti, kin ga wuyan yarinyar nan, kin san darare nawa kika taya ni zama a asibiti." Washegari ta kai 'yan matanta biyu asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu aka yi musu.